Yadda Ake Haɗa Dish Mai Ƙafa Uku da Wayoyin Talabijin na Motar Tafi-da-gidanka

Motar tafi-da-gidanka, wato irin motar nan da aka gina wa ɗaki a bayanta da gado da madafa da makewayi, ba abu ne da ido ya saba gani a titunan Kano ba, amma tana shigowa jefi-jefi a cikin motocin Kwatano, kuma akwai masu sayen doguwar bas su kai wa kafintoci da masu walda su mayar musu da ita haka. Masu amfani da ita sanannu ne: 'yan kwangilar da aiki ke zaunar da su a daji mako biyu ko uku, masu shirya fim da ke fita ƙauye ɗaukar hoto, 'yan siyasa a lokacin yawon kamfe, da magidancin da ke son ya kwashi iyalinsa su kwana biyu a bakin madatsar ruwa ta Tiga ko a Yankari. Duk wanda ya mallake ta ba ya daɗewa sai ya so kallon labarai ko ƙwallo a cikinta, kuma da yake yana ganin soket ɗin talabijin a jikin motar ta waje, sai ya ɗauka abin da ya rage kawai shi ne ya sayo dish ya soka waya.

A bazarar da ta wuce wani dattijo da muke mutunci da shi a Hotoro ya aiko a kira ni saboda irin wannan. Na tarar da yaron da ya ɗauko tun hantsi yana juya dish a tsakar rana, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, allon talabijin kuwa bai fasa nuna E48-32 ba, wadda ita ce alamar da dikodar DStv ke fitarwa idan sigina ba ta iso ta. "Malam, wallahi na saita dish ya fi ɗari a garin nan, ban taɓa cin karo da irin wannan ba," in ji yaron. Dattijon kuma ya riga ya yanke hukunci cewa jabun dikoda aka sayar masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ara mini sukundireba." Da muka kwance wani ɗan farantin roba da ke jikin bango a bayan talabijin, mai maɓalli guda da 'yar koriyar fitila, sai ga wayoyi uku ɗaure a bayansa. Muka zare ɗaya muka kai ta kai tsaye ga dikoda, kafin a kira la'asar hoto ya fito. Saitin yaron daidai yake tun da safe.

Abin da ke tafiya a cikin wayar

Dole a fahimci wannan kafin a taɓa komai, domin duk sauran aikin a kansa ya rataya. Wayar eriya ta talabijin hanya ɗaya take aiki, sigina ta sauko daga sama ta shiga talabijin. Wayar dish kuwa hanya biyu take aiki a lokaci guda. Ɗan kan nan da ke tsaye a gaban farantin, wanda ake kira LNB, ba shi da batir ko filogi na kansa, dikoda ce ke aika masa wuta ta cikin wannan wayar da hoto ke saukowa. Tana aika bolt 13 idan tana neman tashoshin da siginarsu ke tsaye, ko bolt 18 idan tana neman waɗanda siginarsu ke kwance, sannan tana ɗora wani ɗan sauti mai kilohaz 22 idan tana son LNB ya koma rukunin tashoshi na sama. Shi kuma LNB sai ya karɓi siginar tauraron ɗan'adam, ya sauke ta zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150, ya turo ta ƙasa.

Wayoyin da masu ƙera motar suka binne a cikin bango, galibi an yi su ne domin eriyar da ke kan rufi da kuma wayar talabijin da ake jonawa a wuraren yada zango na ƙasashensu. Saboda haka suna ratsawa ta cikin busta, wato ɗan farantin nan mai koriyar fitila, da kuma siflita da ke raba hoto zuwa falo da ɗakin kwana. Busta ba ta barin wutar dikoda ta wuce, siflitar eriya kuma yawanci an rubuta a jikinta cewa iyakarta megahaz 1000, alhali siginar dish daga nan ma take farawa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya a tsakani, LNB ba zai farka ba sam, ko da an saita farantin a kan tauraron daram. Abin da ake nema dai shi ne waya guda miƙaƙƙiya daga bayan dikoda har zuwa LNB, ba tare da wani abu ya gitta ba in ban da mahaɗin ƙarfe.

Mataki na farko: a san asalin motar

Motar da ta fito daga Amurka an ɗaura mata wutar bolt 120 mai haz 60, mu kuwa wutarmu bolt 230 ce mai haz 50. Wanda ya jona irin wannan mota da wutar gida ko janareta ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, zai ƙona caja da firji da abin da ya samu kafin ma a zo maganar dish. Motocin Turai ba su da wannan matsala, sai dai soket ɗin eriyarsu sau da yawa irin na turawa ne marar zare, wanda dole a musanya shi da mai zare da ake kira F.

Wasu motocin suna zuwa da wani farin ƙoƙo a kan rufi, wanda dish ne mai neman tauraro da kansa. Mai mota yakan yi murna da ganinsa, amma gaskiyar magana ita ce na Amurka an tsara shi ne domin taurarin da ke wajen digiri 101 zuwa 129 yamma, waɗanda daga Kano suna can bayan doron duniya, ba a hango su ko kaɗan. Na Turai kuma an tsara shi ya nemi Astra a digiri 19.2 gabas ko Hot Bird a digiri 13 gabas, waɗanda haskensu Turai aka karkata shi. A nawa ganin kada a ɓata kuɗi wajen farfaɗo da ƙoƙon, amma kada a tsinke wayarsa, domin sau da yawa ita ce waya mafi kyau a cikin motar, kuma kai tsaye take sauka zuwa inda dikoda ke zama.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ana samun su a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari: dish da LNB ɗinsa, ƙafa uku mai ƙarfi, waya RG6, wato wayar dish mai kauri, kamar mita 20, kawunan F guda goma, joyina biyu ko uku, wato ɗan ƙarfen nan mai zare gaba da baya da ke haɗa waya da waya, mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo, kamfas, sifana mai lamba 10 da 13, reza, da salatif baƙi. Game da girman faranti, mai faɗin santimita 60 ya fi sauƙin ɗauka da ajiyewa, kuma yana kamawa idan gari garau yake, amma mai 90 ya fi jure hadari. Wanda tafiye-tafiyensa na rani ne ya ɗauki ƙaramin, wanda kuma zai kwana daji a watan Agusta ya haƙura da nauyin babban. A kula da waya wajen saye, a kankare tsinken tsakiyarta da reza a gani, domin akwai mai araha da ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe sama-sama, saƙar siraran wayoyin da ke ƙarƙashin fatarta kuma 'yar kaɗan ce kamar gemun ɗan saurayi.

Mataki na biyu: a kama tauraron ba tare da motar ba

Kuskuren da ya cinye wa yaron Hotoro yini shi ne ya haɗa matsala biyu wuri guda, saitin dish da wayar mota, ya rasa wadda zai zarga. Hanyar da ta dace ita ce a fito da dikoda da ƙaramin talabijin waje, ko a zura sabuwar wayar ta ƙofa, a haɗa dikoda da LNB kai tsaye, a kama hoto tukuna. Sai bayan nan a waiwayi bangon mota.

Ɗaura kan F yana buƙatar natsuwa. A yanke baƙar fatar waya kamar milimita 12, a mayar da saƙar baya ta kwanta a kan fatar, a yanke farar robar ciki a bar kamar milimita 6, sannan a murɗa kan har farar robar ta zo daidai da bakin ramin ciki, tsinken tsakiya ya leƙo milimita 2 ko 3 gaban bakin. A ɗaga shi a duba a cikin haske. Silin saƙa guda ɗaya tak idan ya taɓa tsinken tsakiya ya isa ya haɗa wuta, dikoda ta ɗauke wa LNB wuta ko ta lalace. Saboda wannan dalili ne ake kashe dikoda daga soket duk lokacin da za a ɗaura waya ko a kwance ta.

A kafa ƙafa ukun a ƙasa mai tauri, a tabbatar sandar tsakiya ta miƙe sak ta hanyar auna ta da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa ta fuska biyu. Idan sandar ta karkace, duk lambobin da ke jikin dish sun zama ƙarya, kuma kowane juyi hagu ko dama zai riƙa canza ɗagawar farantin. A danne ƙafafun da buhun yashi ko a rataya jarkar ruwa mai lita 25 a tsakiya.

Taurarin talabijin suna tsaye ne a saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786, kuma da yake Kano tana wajen digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas, suna sama sosai a wurinmu. DStv a Nijeriya tana zuwa ne ta tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas. Daga Kano ana fuskantar da dish wajen digiri 112 a kamfas, a ɗaga shi wajen digiri 55. Ga wanda ba shi da kamfas a hannu, alƙiblar Kano tana wajen digiri 68, saboda haka idan mutum ya tsaya kamar zai ta da salla, ya karkata dama kamar rabin kusurwar ɗaki, ya fuskanci wajen da ake nema. Dish ɗin StarTimes kuwa yana kallon tauraron SES-5 a digiri 5 gabas, wanda daga Kano yake kudu da ɗan karkata yamma, wajen digiri 196, a ɗage har digiri 75. Masu neman tashoshin Larabawa na kyauta a Nilesat, digiri 7 yamma, za su juya kudu maso yamma wajen digiri 233, ɗagawa 67, sai dai wannan yana son faranti babba. A riƙa duba kamfas nesa da motar, domin ƙarfen jikinta yana jan allurar.

Akwai abin da ke ruɗa sabon shiga. Farantin da muke amfani da shi, mai siffar ƙwai da hannu a ƙasa, ba ya kallon inda fuskarsa ta nuna, yana kallon sama da haka da digiri 22 zuwa 26 gwargwadon ƙirarsa. Don haka dish ɗin da ke kallon digiri 55 za a ga fuskarsa ta kwanta baya da kamar digiri 30 kawai. A yi aiki da lambobin da aka zana a jikin maƙalin baya, kada a auna da ido. Wannan kuma yana nufin itacen da ake gani a gaban farantin ba lalle ne ya tare shi ba. Darbejiyar da ta ɗara dish da mita 10 ba za ta hana DStv ba muddin an ja baya da ita mita 8, kuma amfanin dish mai ƙafa ke nan a kan na rufi, mota ta fake a inuwa, farantin ya tsaya a fili.

Sai murɗa LNB a cikin zobensa, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi, alhali a ƙasarmu murɗin babba ne. Ga DStv a Kano ya kai wajen digiri 65. Idan mutum ya tsaya a gaban farantin yana kallonsa, ya ɗauka cewa agogo ne, wayar LNB da ta saba kallon ƙarfe 6 za ta koma kallon wajen ƙarfe 8. Ga StarTimes murɗin kaɗan ne kuma ta ɗaya ɓangaren.

Daga nan a kunna dikoda a shiga shafin gwajin sigina, inda za a ga layi biyu, na ƙarfi da na inganci. Layin ƙarfi yana tashi da zarar LNB ya sami wuta, ko da farantin bango yake kallo, saboda haka shaida ce kawai cewa waya lafiya take. Layin inganci shi ne ke nuna an kama tauraron da ake nema. A sassauta notin juyi, a tsaya a bayan farantin, a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan kamar kaurin yatsa, ana dakatawa daƙiƙa uku ko huɗu bayan kowane motsi domin dikoda ba ta amsawa nan take. Faɗin abin da farantin santimita 60 ke gani bai wuce digiri 3 ba, na 90 kuma digiri 2, don haka mai gaggawa zai wuce tauraron sau goma bai sani ba. Idan an share daga hagu zuwa dama ba a samu ba, a ƙara ɗagawa digiri ɗaya a sake sharewa. Mai amfani da 'yar na'urar nan mai kuka da ake kira fainda ya sani cewa ba ta bambance tauraro da tauraro, kuma a kusa da wanda ake nema akwai Astra a digiri 28.2 da Badr a digiri 26, duk za su sa ta kuka. Idan inganci ya fito, a gyara juyi har ya kai ƙololuwa, sannan ɗagawa, sannan murɗin LNB, a ɗaure notuna bi da bi ana kallon allo, domin ɗaurin kansa yana jan farantin.

Mataki na uku: a bi sawun wayar motar

Yanzu da hoto ya tabbata, duk abin da ya lalace daga nan laifin bango ne. A duba jikin motar ta waje, yawanci kusa da inda ake jona wuta da ruwa. Idan soket biyu ne, ɗaya an rubuta masa alamar satalayit, an yi sa'a, domin galibi wannan waya ce miƙaƙƙiya. Idan guda ɗaya ne, to kusan tabbas ta cikin busta ya bi.

Gwajin da ya fi sauri shi ne na wuta. A haɗa dikoda da soket ɗin ciki, a kunna ta, a fita waje da mita a saita ta a ma'aunin wutar batir, a ɗora jan tsinke a ramin tsakiyar soket ɗin waje, baƙin kuma a jikin zarensa, ana kiyaye kada tsinken biyu su haɗu. Idan mita ta nuna kusan 13 ko kusan 18, hanya a buɗe take, sai a jona dish a gwada tashoshi da yawa. Na ce da yawa ne saboda akwai siflitar da ke barin wuta ta wuce amma ta shaƙe siginar sama, sai a ga wasu tashoshi sun fito wasu sun ƙi, mai mota ya yi ta zargin kamfani. Idan kuwa mita ta nuna sifili, akwai abin da ya gitta.

Sai a kashe komai, a kwance farantin bustar daga bango a hankali, domin a bayansa akwai wayar batir mai bolt 12 da bai kamata ta taɓa ƙarfe ba, kuma ya fi kyau a zare fis ɗinta tukuna. Za a ga wayoyin talabijin biyu ko uku: ɗaya ta hau rufi wajen eriya, ɗaya ta tafi soket ɗin waje, ɗaya kuma ta nufi talabijin na ɗakin kwana. Kafin a kwance ko ɗaya a naɗa wa kowace salatif a rubuta lamba, a kuma ɗauki hotonsu da waya. Domin gano wadda ta fito daga waje, a kwance su duka, a saita mita a wurin da take kuka idan tsinkenta biyu suka haɗu, a gwada kowace waya tsakanin tsakiyarta da zarenta. A wannan gwaji na farko ba a son jin kuka. Wadda ta yi kuka, ko dai akwai siflita ɓoye a hanyarta ko kuma ta haɗe a wani wuri. Daga nan a je soket ɗin waje a cusa ɗan guntun waya da zai haɗa ramin tsakiya da zaren, a dawo a sake gwadawa. Wayar da a da ta yi shiru yanzu kuma ta yi kuka, ita ce ake nema. Kada a manta a cire guntun wayar nan kafin a kunna dikoda.

Idan an same ta, gyaran bai fi na minti biyar ba. A ɗaura mata joyina, a ƙara guntuwar RG6, a fito da ita ta gefen farantin ko ta wani sabon rami, a kai ta bayan dikoda inda aka rubuta LNB. Sauran wayoyin a mayar da su mazauninsu, ta yadda eriyar rufi da bustarta za su ci gaba da aiki, domin suna da amfani a cikin gari wajen kama tashoshin da ke watsawa ta ƙasa irin su ARTV da NTA, ko dikodar GOtv wadda ita da ma eriya take so, ba dish ba.

Wani lokaci kuma siflitar tana can cikin rufi ko bayan kabad inda hannu ba ya kaiwa, ko a tarar wayar RG59 ce, siririyar nan da ke zubar da sigina da yawa a rukunin sama. Gajeriyar RG59 takan yi aiki idan gari garau ne, ta gaza da zarar hadari ya taso. A irin wannan hali shawarata ita ce a bar tsohuwar waya a inda take a ja sabuwa. Wuri mafi aminci na hudawa shi ne cikin akwatin ajiyar kaya na ƙasan mota, a ɗaura soket mai murfi a can, a bi da wayar ta bayan kabad zuwa wurin dikoda. Kada a huda rufi, domin yoyon da zai biyo baya ya fi rashin kallo ciwo, kuma kafin a sa na'urar huji a ko'ina a leƙa bayan wurin a tabbatar babu bututun gas ko na ruwa ko wayar wuta. A toshe gefen ramin da gam ɗin silikon. Akwai kuma 'yar faffaɗar waya da ake maƙalewa a bakin taga a rufe a kanta, tana fitar da mutum kunya na kwana biyu, amma buɗewa da rufewa suna karya ta.

Mai babbar dikodar DStv da ake kira Explora ya lura cewa ita LNB na musamman take aiki da shi, mai tura komai ta waya guda, kuma ta fi sauran ƙin siflita da lalataccen mahaɗi. Ga tafiya, ƙaramar dikoda ta yau da kullum ta fi sauƙin sha'ani.

Mataki na huɗu: daga dikoda zuwa allo, da maganar wuta

Tsakanin dikoda da talabijin a yi amfani da wayar HDMI gajeriya. Idan talabijin ɗin da ya zo da motar na Amurka ne, mai yiwuwa ya ƙi nuna hoto ko ta HDMI ɗin, domin da yawansu ba sa karɓar hoto mai haz 50, kuma tsarin kama tashoshinsu na ƙasa ba irin namu ba ne. Maganinsa a sauke shi a ɗaura wanda aka saya a nan. Wanda ke son hoto ya kai ɗakin kwana ya raba shi bayan dikoda da marabar HDMI, kada ya raba wayar dish, sai dai duka allunan tasha ɗaya za su nuna.

Yawancin ƙananan dikodoji suna aiki da adafta mai fitar da bolt 12, wanda ke jan hankalin mutum ya yanke adaftar ya jona kai tsaye da batir. Hatsarin shi ne batirin mota ba ya tsayawa a 12, yana haurawa sama da 14 idan inji ko sola na caja shi. Ko dai a sa ƙaramar na'urar daidaita wuta mai riƙe bolt 12 cif tare da fis, ko a bi ta inbata mai tsaftatacciyar wuta. A tabbatar kuma daga batirin ɗaki ake ja, ba daga na tayar da inji ba. Lissafin mai sauƙi ne: idan talabijin da dikoda tare suna cin wat 60, to amfiya 5 ke nan a bolt 12, ya zama kamar 6 idan an haɗa da asarar inbata. Batirin ruwa mai amfiya 100 ba a son a sha fiye da rabinsa, saboda haka kallon awa takwas ke nan idan babu fanka ko firji a kansa.

A kan hanya

Lambobin da aka bayar na Kano ne, kuma suna sauyawa da tafiya. Ɗagawar DStv da take digiri 55 a nan tana sauka wajen 51 a Sakkwato, tana hawa wajen 58 a Yankari da 60 a Maiduguri. Tafiyar Tiga ko Bagauda ba ta buƙatar taɓa notin ɗagawa sosai, don haka yana da kyau a zana alama da fenti a maƙalin baya da kuma zoben LNB a ranar da aka sami saiti mai kyau a gida, ta yadda a sabon masauki juyi kawai za a nema. Manhajojin wayar hannu masu nuna inda tauraro yake suna ba da lambobin kowane wuri, amma a duba su tun ana cikin sabis.

Da damina, ɗaukewar hoto a lokacin ruwa mai ƙarfi ba lalacewa ba ce, ruwan ne ke shanye siginar, kuma tana dawowa da kanta idan ya tsagaita. Abin tsoro shi ne iskar da ke gabatar hadari, wadda ke iya kifar da dish ta lanƙwasa bakinsa, kuma farantin da ya lanƙwashe ko kaɗan ba ya sake ba da inganci kamar da. Da an ga gabas ta haɗe a kwantar da shi, idan kuma ana tsawa a kwance wayar daga jikin motar gaba ɗaya. Da hunturu a riƙa goge fuskar LNB da tsumma mai laushi, a rufe soket ɗin waje da murfinsa don ƙura. Mahaɗin da ke waje a naɗe shi da salatif, a kuma bar wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta shiga soket domin ruwa ya ɗiga a ƙasa maimakon ya bi ta ciki.

Wajen tashi, a kashe dikoda, a kwance wayar daga motar tukuna sannan daga LNB, a naɗe ta da faɗi kamar bakin babban faranti ba tare da an karya ta ba, domin lanƙwasa mai tsanani tana matse farar robar ciki ta ɓata wayar har abada. A cire hannun LNB idan mai cirewa ne, a kwantar da farantin a kan bargo fuskarsa sama, kada a ɗora masa jarka ko tayar safiya. A cikin akwatin kayan aiki a bar LNB ɗaya na ajiya da kawunan F huɗu da joyina, domin su ne ke lalacewa a inda babu shago.